Kaka A Kwarin Kashmir: Makonni Takwas Da Kowa Ke Kasa Kunne Ga Hasashen Yanayi

Da zarar watan Oktoba ya kama a birnin Srinagar, mai fita sallar asuba sai ya ɗora rigar sanyi, amma kafin azahar ya tuɓe ta ya rataya a kafaɗa. Da rana ma'aunin zafi yakan kai digiri 22 ko 23. Da la'asar sakaliya wata iska mai sanyi takan kaɗa ruwan tafkin Dal, ta karkaɗo ganyaye a kan tituna. Cikin dare kuwa ma'aunin yakan sauka zuwa wajen digiri 6. Kafin Nuwamba ya ƙare, akwai daren da ruwan da aka bari a tsakar gida zai wayi gari da ɓawon ƙanƙara a samansa.

Wannan shi ne lokacin da mutanen Kashmir ke kira Harud, kakarsu ke nan, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba. Masu yawon buɗe ido sun san shi da jajayen ganyaye da sama garau. Hausawa da yawa ma sun ga ƙasar tun kafin su riƙe sunanta, domin a tafkunanta da lambunanta aka ɗauki waƙoƙi masu yawa na finafinan Indiya, tun zamanin Kashmir Ki Kali na 1964.

Mazaunin kwarin kuwa lissafi ne a gabansa. A cikin waɗannan makonni takwas zai girbe shinkafa, ya tsinke tuffa, ya tsinci furen za'afaran, ya sauko da dabbobi daga kan tsauni, ya shanya kayan miya, ya tanadi gawayin da zai raba shi da hunturu lafiya. Duk aikin nan a fili ake yin sa. Shi ya sa sanarwar ofishin hasashen yanayi na Srinagar, ko da layi biyu ce da ke cewa za a samu bushewa da sanyin safiya da 'yar iska da yamma, takan zaga wayoyin manoma da direbobi da makiyaya nan da nan.

Inda iskar take fitowa

Kwarin Kashmir na da tsawon kilomita kusan 135 da faɗin kilomita 32, kuma yana kwance a tsayin mita 1,600 daga matakin teku. Tsaunukan Pir Panjal sun tokare shi ta kudu maso yamma, manyan tsaunukan Himalaya ta arewa maso gabas, kogin Jhelum kuma ya ratsa tsakiyarsa ya wuce ɓangaren da ke hannun Pakistan. Pir Panjal ne ke tare mafi yawan ruwan damunar Indiya, don haka kwarin ba ya shan ruwan da birnin Jammu ke sha a Yuli da Agusta. Idan damunar ta janye a ƙarshen Satumba, sai iska ta bushe, gajimare ya yi ƙaranci.

Bushewar nan ce ke buɗe rata tsakanin rana da dare. Da hantsi rana ta gasa ƙasa ba abin da ya tare ta, da dare kuma babu gajimaren da zai riƙe ɗumin, sai ya tsere sama. Tsayi ma yana da nasa hukuncin: duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Gulmarg, da ke tsayin mita 2,650, tafiyar kilomita 50 ce daga Srinagar, amma takan riga birnin ganin dusar ƙanƙara da makonni. Birnin Jammu kuwa, da ke bayan tsauni a mita 300 da 'yan kai, har a Oktoba ana kunna fanka da rana.

Iskar da masu hasashe ke ambata kullum ita ma tsaunukan ne ke haifar da ita. Da rana gangaren duwatsu kan yi ɗumi, iskar da ke jikinsu ta yi sauƙi ta hau, ta jawo wata daga ƙasa. Ita ce ke kaɗawa daga kwari zuwa tsauni tun daga hantsi har la'asar. Bayan faɗuwar rana sai lamarin ya juye. Kawunan tsaunuka su huce da sauri, iskar da ke kansu ta yi sanyi ta yi nauyi, ta gangaro ta cikin kwazazzabai, ta taru a gindin kwarin kamar ruwa a kwano. Saboda haka a daren da sama ta yi wasai, gonar da ke ƙasa kusa da kogi tana iya wayar gari da daskararriyar raɓa, alhali wadda ke gefen tudu ta tsira. Mai hasashe lamba ɗaya yake ba gari guda. Manomi ne ke ragewa ko ƙarawa gwargwadon inda gonarsa take.

Hadarin da ke zuwa daga yamma

A ƙasar Hausa gabas ake duba idan ana jiran hadari. A Kashmir, daga kaka har ƙarshen hunturu, yamma ake duba.

Abin da masana yanayi na Indiya ke kira hargitsin iskar yamma yana haɗuwa ne can wajen Bahar Rum, ya kwaso danshi, sannan wata iska mai gudun gaske da ke sama da kilomita 10 daga doron ƙasa ta ɗauko shi ta ratsa da shi Iraƙi da Iran da Afganistan da Pakistan. Idan ya ci karo da Himalaya sai ya hau dole, ya yi sanyi, ya zubar da abin da ya ɗauko: ruwa a ƙasa, dusar ƙanƙara a sama. A watannin zafi wannan iska ta sama tana can arewa da tsaunukan. A Oktoba take komowa kudu, hadarin yamma kuma ya fara samun hanya. A tsakiyar hunturu yakan zo sau huɗu ko biyar a wata. A kaka ɗaya ne ko biyu, amma su ne suka fi tsorata mutane, domin amfani yana waje.

Yana da alamomi. Dare ya yi ɗumi ba kamar yadda aka saba ba, siraran gizagizai su shimfiɗu a sama, iska ta ƙara ƙarfi. Bayan ya wuce kuma sama ta washe, tsaunuka su fito farare, sanyin dare ya faɗo da ƙarfi.

Hukumar hasashen yanayi ta Indiya, wadda aka kafa a 1875, tana bin sawun wannan hadari da taurarin ɗan adam tun yana kan Iran, ga kuma na'urorin rada a Srinagar da Jammu da Banihal. Gargaɗinta launi huɗu ne: kore, rawaya, ruwan lemo, da ja. Tare da jami'ar aikin gona ta SKUAST da ke Shalimar, tana fitar wa manoma shawarwari sau biyu a mako. Sonam Lotus, ɗan Ladakh da ya shugabanci ofishin Srinagar shekaru da dama, sai da ya zama sananne a kowane gida, saboda mutane sun ga abin da ya faɗa yana faruwa.

Sanin ranar zuwan hadarin ya yi sauƙi yanzu, ana iya faɗa da kwana uku zuwa biyar. Abin da ke da wuya shi ne sanin inda dusar za ta tsaya. Idan ta tsaya a mita 2,500, gonaki ruwa kawai za su sha. Idan sanyin ya ƙaru da digiri ɗaya ko biyu, sai ta sauko har mita 1,600, inda bishiyoyin tuffa suke.

Tuffa da dusar da ta yi sammako

Kimanin kashi uku cikin huɗu na tuffar da Indiya ke nomawa daga Kashmir take fitowa, wajen tan miliyan 2 a shekara. Shopian da Sopore da Baramulla da Pulwama da Kulgam duk a kanta suke rayuwa, daga mai gona zuwa mai haɗa akwati, daga ɗan dako zuwa direban babbar mota. Kasuwar Sopore tana cikin manyan kasuwannin 'ya'yan itace na nahiyar Asiya. A Oktoba duk inda aka shiga a ƙauyukan nan za a ga tsani jingine da bishiya, ga tulin jajayen tuffa a kan ciyawa, ga iyali zaune suna ware manya da ƙanana suna jerawa a akwati.

Bishiyar tuffa ba ta tsoron dusar Janairu, tana ma buƙatar sanyin don ta yi fure da kyau. Lokacin ta zubar da ganye, dusar sai ta bi ta tsakanin rassa ta faɗi ƙasa. Dusar kaka daban ce. Jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, kuma takan tarar da ganye a jikin bishiya, wani lokaci har da 'ya'ya. Ganyen ya tare ta, nauyi ya taru, rassa su kakkarye, wata bishiyar ma ta tsage biyu tun daga gindi. Manoma kan fita cikin dare da fitila da doguwar sanda suna karkaɗe rassa, amma mutum ɗaya ba ya iya zagaye gona guda kafin ɓarna ta auku.

Haka ta faru a farkon Nuwamban 2018. Ta sake faruwa ranar 7 ga Nuwamban 2019, sannan ranar 23 ga Oktoban 2021, lokacin da gonakin Shopian da Kulgam suka fi jin jiki. Asarar ba ta kaka ɗaya ba ce, domin bishiya irin ta gargajiya takan ɗauki shekaru kusan goma kafin ta fara bayar da amfani sosai.

Dusar 2019 ta zo da wani darasi. Tun ranar 5 ga Agustan shekarar, lokacin da gwamnatin Indiya ta soke matsayi na musamman da yankin ke da shi, aka katse intanet a kwarin, kuma ba a fara maido da ita ba sai a Janairun 2020. Masu hasashe sun hango hadarin, amma hanyar da gargaɗin ya saba bi ya isa aljihun manomi a toshe take.

Wasu manoma sun koma dasa gajerun bishiyoyi da ake shigo da irinsu daga Turai, waɗanda ke fara 'ya'ya cikin shekara biyu ko uku kuma ake tsinke su tun a Agusta, kafin kaka ta nuna halinta. Wasu sun shimfiɗa raga a saman gona saboda ƙanƙara. An gina manyan ɗakunan sanyi a Lassipora, inda ake adana tuffa watanni. Duk waɗannan kuɗi suke ci, ƙaramin manomi kuma bai da su.

Furen da ke jiran sanyin safiya

Kilomita 15 kudu da Srinagar, a kan busassun tuddan Pampore, akwai gonakin da ke zama fayau kusan duk shekara. A ƙarshen Oktoba, cikin 'yan kwanaki, sai su rufe da furanni masu launin shunayya. Za'afaran ke nan, sunan da almajirai da malaman ƙasar Hausa suka sani tun a wajen tawadar rubutu.

Da sassafe iyali kan fito da kwandunan saƙa, kowa a sunkuye, ana tsinke furen da yatsu biyu kafin rana ta yi ƙarfi. A gida sai a zazzage a kan tabarma, a zauna kewaye da shi, ana buɗe kowane fure ana zare jajayen zaruruwa uku da ke cikinsa. Su ne kaɗai kayan. Sai an tsinci fure kimanin 150,000 kafin a samu kilo ɗaya na busasshen za'afaran. Furen makonni biyu zuwa uku yake yi, wanda ya buɗe yau kuma ba ya jiran jibi.

Shukar tana da sharuɗɗa. Tana son ruwa a ƙarshen Agusta da Satumba don kan da ke binne a ƙasa ya farka, sannan tana son sanyin dare da bushewar rana lokacin fure. Idan Satumba ya zo da fari, fure ya yi ƙaranci. Idan hadarin yamma ya faɗo a tsakiyar tsinka, furen ya kwanta a laka. Filin noman ya ragu daga hekta 5,700 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa wajen hekta 3,700, saboda fari da gine-gine da kuma gasar Iran, wadda ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na za'afaran duniya. A 2010 gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da noman, har da alkawarin ban ruwa ta hanyar yayyafi, a 2020 kuma za'afaran Kashmir ya samu tambarin da ke tabbatar da asalinsa. Har yanzu yawancin gonakin ruwan sama suke jira.

Makiyaya, direbobi da mashigun tsauni

Kafin kowa, makiyayan Gujjar da Bakarwal ne ke karanta kaka. A Afrilu da Mayu sukan hau da tumaki da awaki da dawakai zuwa makiyayan saman tsauni. Daga Satumba sai su juyo, su tsallaka Pir Panjal zuwa Rajouri da Poonch da filayen Jammu, tafiyar makonni da mata da yara da tantuna. Idan suka yi sammakon sauka, sun bar ciyawa a baya. Idan suka makara, dusa ta rutsa da garke a mashigar tsauni, inda ba mafaka ba abinci.

Mashigun su ne ma'aunin kaka na gaskiya. Hanyar Mughal, da ta bi ta Pir Ki Gali a tsayin kusan mita 3,500, tana cikin waɗanda ke fara rufewa. Zoji La, ƙofar Ladakh, ita ma ta haura mita 3,500, shi ya sa a kaka ake ganin jerin motocin man fetur da hatsi suna rige-rigen kai kaya kafin ta toshe. Ana gina mata hanyar ƙarƙashin dutse mai tsawon fiye da kilomita 13. Mashigar Razdan kuwa idan ta rufe, mutanen Gurez sai su yi watanni a yanke.

Babbar hanyar Srinagar zuwa Jammu, wadda tuffa ke bi ta isa Delhi, matsalarta zaftarewar ƙasa ce. A ƙarshen Agusta da Satumban 2025 ruwa mai ƙarfi ya lalata wani sashenta, motocin tuffa suka yi cirko-cirko, kaya suka ruɓe a cikinsu. A watan Yunin shekarar ne aka buɗe layin dogon da ya haɗa kwarin da sauran Indiya, ta kan gadar Chenab mai tsayin mita 359 daga ruwa, kuma a Satumba jirgin ƙasa ya fara ɗaukar tuffa daga Budgam zuwa Delhi.

Gwamnati ma kaka na tayar da ita. Tun 1872, zamanin Maharaja Ranbir Singh, ake kwashe manyan ofisoshi daga Srinagar zuwa Jammu idan sanyi ya ƙarato, a komo da su idan ya wuce. An dakatar da al'adar a 2021, aka maido da ita a ƙarshen 2025.

Ganyen da ke zama gawayi

Bishiyar da ta fi kowace fito da kaka ita ce chinar, ƙatuwa mai faffaɗan ganye da ke rayuwa ɗaruruwan shekaru. Sarakunan Mughal sun dasa ta a lambunansu, irin su Shalimar na Sarki Jahangir da aka gina a 1619 da Nishat na 1633. A Naseem Bagh, inda Jami'ar Kashmir take, ganyen kan rikiɗe daga kore zuwa rawaya zuwa ja jawur a Nuwamba. Hukumar gandun daji ta yi wa fiye da bishiyoyi 28,000 rajista da lamba don kare su daga sara.

Baƙo hoto yake ɗauka, mata kuma tsintsiya suke ɗaukowa. Sukan share ganyen su tara, su cinna masa wuta, su yayyafa ruwa kafin ya zama toka. Gawayin da ya fito shi ake zubawa a kangiri, 'yar tukunyar ƙasa da ke cikin saƙaƙƙen kwando mai mariƙi. Mutum ya sa garwashi a ciki, ya rufe da toka, ya rungume ta a ƙarƙashin feran, doguwar rigar ulu mai faɗi da maza da mata ke sawa. A gidan da wutar lantarki ke ɗaukewa a tsakiyar hunturu, kangiri ce abin dogaro.

Ƙona ganyen na da nasa kuɗin. Iskar sanyin da ta kwanta a gindin kwarin ba ta tashi da wuri, sai ta danne hayaƙin ganye da na motoci da na masana'antun bulo a kan gari. Safiyar Nuwamba a Srinagar takan zo da hazo mai kama maƙogwaro, masu asma da tsofaffi su fi kowa wahala. Hukumomi sun sha hana ƙonawar, amma mutane ba su ga madadin gawayin ba.

A tagogi da barandu kuma za a ga igiyoyin yankakken gauta da duma da tumatir da barkono suna shan ranar kaka. Wannan busasshen kayan miya, hokh syun, gado ne daga zamanin da dusa ke rufe hanya ta yanke kwarin daga duniya. Shanya na buƙatar rana da iska, don haka uwar gida ma tana da ruwa da tsaki a hasashen mako. Kowa na aiki ne da rana ɗaya a zuciyarsa, 21 ga Disamba, ranar da Chillai Kalan ke kamawa, kwana 40 na sanyi mafi tsanani.

Kakar da ke sauya hali

Lissafin da kakanni suka bari ya fara kuskure. A Satumban 2014 ruwa ya yi kwanaki yana zuba, Jhelum ya cika ya shanye unguwannin Srinagar, mutane fiye da 200 suka rasu a jihar Jammu da Kashmir. A Satumban 2023 zafi ya haura digiri 34 a birnin, lokacin da ya kamata a fara jin sanyin kaka. A hunturun da ya biyo baya Gulmarg ta kai ƙarshen Janairun 2024 tuddanta ba dusa. A Fabrairun 2025 maɓuɓɓugar Achabal, da ke shayar da lambun Mughal da ƙauyuka, ta ƙafe na wasu kwanaki. Daskararriyar ƙanƙarar Kolahoi, wadda ke ciyar da kogunan Lidder da Sind, ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta tun daga 1962.

Wannan ya ƙara wa hasashen kimiyya daraja, domin manomin da a da yake dogara da kwanan wata yanzu sai ya duba waya. Ta wannan fuska an ci gaba ƙwarai: gargaɗin kwana uku ya isa a ɗauki ƙarin ma'aikata a tsinke tuffa, a sauko da garke, a dakatar da mota a Qazigund, kan hanyar Jammu.

Inda aka gaza shi ne abin da ke bayan gargaɗin. Ƙungiyoyin manoman tuffa sun daɗe suna neman inshorar da za ta biya su idan dusa ko ƙanƙara ta yi ɓarna. Manoman Pampore na neman a sa famfunan ban ruwan da aka yi musu alkawari su yi aiki a Satumba. Makiyaya na neman mafaka da motoci a hanyar sauka, direbobi na neman hanyar da ba ta rufewa da ruwan kwana biyu. Dukkansu kuma suna buƙatar layin waya da intanet su kasance a buɗe a makonnin girbi, ko me ake ciki a siyasa. Masu hasashe suna sauke nasu nauyin. Saura na hukumomin Srinagar da Delhi, waɗanda inshora da ban ruwa da hanya da layin sadarwa ke hannunsu.